Mai gyaran kujerun ofis a Mushin: aikinsa da inda ya gaza

Akwai wani dattijo mutumin Katsina da ke gyaran kujerun ofis a unguwar Mushin, cikin Legas. Duk wanda yake da kujera mai juyawa da ta fara nutsewa da shi, ko ta kafe ta ƙi hawa ta ƙi sauka, shawarata ya kai masa ita kafin ya fara tunanin sayen sabuwa. Ya san aikinsa, kuma ba ya ƙaƙaba wa kujera ciwon da ba ta da shi don kuɗin aiki ya ƙaru. Amma ba ya cika alkawari a kan lokaci, ba ya ba da rasit, sannan yana da son kayan tokumbo, wato tsofaffin kayan da ake shigo da su daga waje, fiye da yadda nake ganin ya dace. Wanda zai je wurinsa sai ya shirya wa waɗannan.

Ni tela ce, shagona yana Agege, ina da 'yan mata masu koyo. Kujerun da muke zama a gaban keke ba na teloli ba ne tun asali. Wani kamfani ne ya tashi daga Ikeja ya yi gwanjon kayan ofishinsa, maigidana ya kwaso mini kujeru biyar masu taya, da wata doguwa marar majingina wadda na ajiye a teburin yanka. Sun yi mana aiki ba laifi, har suka fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ta wuri guda: tsayi. Wanda bai taɓa wuni a kan keken ɗinki ba zai ce wannan ai ƙorafin ƙoshi ne. Teburin keke ba ya motsi, tsayinsa wajen santimita 75 ne, don haka kujera ce za ta bi jikin mutum. In ta yi ƙasa, kafaɗa ta ɗage, wuya ya riƙe, kafin la'asar baya ya ɗauki zafi. Ga kuma ƙarfen nan da ake turawa da gwiwa a ɗaga ƙafar keke: da kujera ta nutse, gwiwa ta daina samunsa daidai, sai a koma sa hannu, aiki ya ragu. Yaran shago sun koma tara ƙyallaye a jaka suna ɗorawa su zauna a kai. Wani ƙanen maigidana da ke canjin kuɗi a titin Allen shi ya yi mana kwatancen dattijon, ya ce shi ke gyara musu nasu.

Rumfar kwano ce tsakanin masu sayar da kayan ofis. Ƙafafun kujeru rataye a jikin bango, tayoyi cike da bokiti, silindoji, wato ƙarfen da ke ɗaga kujera ya sauke ta, tsaye a layi, ga yaro ɗaya yana taimaka masa. Yarabanci a bakinsa sai ka rantse a nan aka haife shi. Abin da ya fara burge ni, bai ɗauko guduma ba, bai kuma faɗi kuɗi ba. Ya jera kujerun ya ce, "Hajiya, zauna a kan wannan tukuna." Na zauna, ta yi ƙasa da ni a hankali. Ya ce, "To tashi." Na tashi, ta biyo ni sama. Ta biyu ina zama ta faɗi ƙasa tim, na tashi ta yi zamanta a can. Ta uku ko motsi ba ta yi, a ja hannunta a saki duk ɗaya. Ya ce, "Kin ga ciwo uku ke nan, ba ɗaya ba. Wanda ya ce miki duk silinda ce ta mutu, kasuwa yake nema."

Daga nan ya ɗauko wata tsohuwar silinda ya yi mini bayani, kuma na ga ya kamata in maimaita shi, domin wanda ya gane wannan ba a cika cutarsa ba. Ƙarfen nan mai sheƙi da ke hawa da sauka a ƙarƙashin mazauni bututu ne a rufe ruf, cike da iskar naitirojin da aka matse da ƙarfi tun daga masana'anta, da ɗan mai kaɗan don santsi. Naitirojin ake sawa saboda busasshiyar iska ce, ba ta jawo tsatsa daga ciki, ba ta kuma taimakon wuta. A cikin bututun akwai fistin da ya raba shi ɗaki biyu, a samansa kuma akwai ɗan maɓalli. Hannun da muke ja a gefen kujera ba abin da yake yi sai danna wannan maɓalli. In an danna, bawul ya buɗe, iska ta sami hanyar wucewa daga wannan ɗaki zuwa wancan. In ba kowa a kai, ƙarfin iskar ya tura mazauni sama. In da mutum, nauyinsa ya rinjayi iskar ya yi ƙasa. Da an saki hannu bawul ya rufe, kujera ta tsaya inda take. Ɗan lilon da ake ji lokacin zama, iskar ce ke matsewa kaɗan, ba lalacewa ba ce.

To duk wannan aiki 'yan robobi ne ƙanana ke riƙe da shi, su suke hana iska ratsawa. In robar bawul ko ta fistin ta gaji, iska tana sulalewa tsakanin ɗakunan biyu ko ba a taɓa hannu ba. Iskar tana nan ba ta fita ba, shi ya sa kujera ke nutsewa da mutum ta kuma taso in ya tashi. In kuwa robar da ke tare bakin waje ce ta ci, iskar ficewa take yi gaba ɗaya, kujera ta kwanta ƙasa ba ta ƙara tasowa. Alamarta, in aka kifa kujerar za a ga maiƙo baƙi a gindin silindar. Ya kifa ta biyun nan ya nuna mini, ga shi kuwa dumu-dumu, zare da ƙurar yadi sun manne a jiki. Ya ce a shagon tela wannan ƙurar ita ce babbar abokiyar gaba: tana mannewa a maiƙon, tana bin ƙarfe tana shiga, tana cin roba. Sai kuma faɗawa kan kujera da ƙarfi, da zaman mutum biyu a kan guda, da yaran da ke mayar da hannun kujera abin wasa. Duk ukun ana yi a shagona, ban ce masa komai ba.

Ta ukun nan da ta kafe ita ta sa na yarda da shi. Ya kwance notuna huɗu da suka haɗa mazauni da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, kan silindar ya bayyana. Ya sa sukundireba ya danna maɓallin, sai ga ta ta miƙe sama da ƙarfinta. Ya ce, "Wannan lafiyarta lau. Hannun ne ya lanƙwashe, ba ya kai wa maɓalli." Ya miƙar da shi, ya ɗan ɗaure wani ƙaramin noti da ke daidaita tazarar da ke tsakanin hannu da maɓalli, ya mayar da mazauni, shi ke nan. Ba kowace kujera ke da wannan noti ba, amma in akwai shi, yana iya jawo ciwon ta fuska biyu: in ya yi sako-sako hannu ba ya dannawa, in an ɗaure shi fiye da kima yana danne maɓallin koyaushe, kujera ta riƙa nutsewa alhali silindarta ba ta da laifi. Shi ya sa ya duba na ta farko ma kafin ya yanke mata hukunci. Abin da ya karɓa a kan wannan kujera kuɗin shayi ne kawai. Da ya ce silinda ce, ba ni da yadda zan yi in gane, biya zan yi in yi godiya.

Sauran kuwa sai an canza, kuma a nan wahalar aikin take. Ba noti ko ɗaya da ke riƙe da silinda. Kanta ya ɗan tsuke ya shige ramin faranti, gindinta ma ya ɗan tsuke ya shige ramin ƙafafu, nauyin mai zama ne ke ƙara cusa su. Kamar kofunan silba biyu ne da aka cusa ɗaya cikin ɗaya suka kama juna, sai dai waɗannan shekara da shekaru ana zama a kansu. A ƙara da laimar Legas, da ruwan da ke shigo mana shago in damina ta yi ƙarfi a watan Yuni da Yuli, tsatsa ta gama haɗe su. Ya fesa WD-40, man nan mai kwance tsatsa, a mahaɗin sama da na ƙasa, ya bar su su jiƙa, ya tafi sallar azahar. Da ya dawo ya kwantar da kujera a gefe, ya kama silindar da babbar sifanar masu gyaran famfo daf da faranti, yaron ya danne mazauni, ya murɗa har ta yi ƙara ta saki. Wadda ta ƙi, sai ya bubbuga farantin da gudumar roba kewaye da wurin. Na ƙafafu kuma ya kifa su a kan katako biyu ya riƙa dukan gefen bakin bututun waje, wato wanda ƙarfen mai sheƙi ke shiga cikinsa. Ya ja hankalin yaron kada ya daki tsakiya, domin nan ne sandar fistin take da ɗan kilif da washa da boris ɗin da kujera ke juyawa a kai. Wani abu da na lura: sifanar nan tana cizon ƙarfe ta bar masa tabo, kuma silindar da aka yi wa tabo ta gama aiki. Don haka kada wani ya bari a ɗora ta a kan wadda ake son a mayar.

Sa sabuwa ba ya ɗaukar lokaci. Ya goge ramukan tas da tsumma, ya ce ba a shafa giris a mahaɗin don kamawa ake so ba santsi ba, ya zura silinda a ƙafafu, ya mayar da rigar robar nan mai shiga cikin juna da ke kare ta daga ƙura, ya ɗora mazauni, ya hau ya zauna da ƙarfi. Zaman shi ne ɗaurin.

Inda muka yi sa-in-sa da shi wajen zaɓen silinda ne. Ta fuskar awo ba matsala sosai, galibin kujerun ofis awonsu ɗaya: gindi milimita 50, kai milimita 28. Abin da ke bambanta shi ne tsawon bututun waje da nisan tafiyar silinda. Kujerar tebur ta yau da kullum tafiyarta milimita 100 zuwa 120 ce, dogayen kujeru kuwa daga 200 zuwa 260. In aka sa wadda ta fi tsawo, ko an sauke ta ƙasa gaba ɗaya ƙafar gajere ba za ta taɓa ƙasa ba. Ya karɓi tef ɗina ya auna tsoffin kafin ya ɗauko wasu, wannan ya yi daidai. Sai kuma aji. Silindoji aji huɗu ne, daga 1 zuwa 4, kuma aji na 4 shi ne mai kaurin ƙarfe da ya fi jure nauyi da jijjiga. Ana buga lambar a jikin silinda, sau da yawa tare da DIN 4550, wato ma'aunin Jamus na irin waɗannan kaya. Kujerun araha da ke cika kasuwa yawanci da ƙananan aji suke zuwa.

Shi ra'ayinsa tokumbo. Ya ɗauko wasu da ya cire daga kujerun Turai, ya goge da yatsa ya nuna mini sunayen: Stabilus, Suspa, duka kamfanonin Jamus ne da suka daɗe a wannan sana'a, da wata ta Samhongsa ta Koriya. Ya ce, "Hajiya, tsohuwar Bajamushiya ta fi sabuwar da ba a san ubanta ba. Lamba kowa na iya bugawa a jikin ƙarfe. Ɗauki ki ji nauyi." Na ɗauka, gaskiya ta fi nauyi. Na ce, "Baba, ƙarfe na yarda. Amma kai ka ce mini roba ce ke mutuwa, ba ƙarfe ba. Robar da ke cikin wannan shekarunta nawa?" Ya yi dariya ya ce wannan sai Allah. Har yanzu ina kan bakana. Tokumbo ba wanda ya san yawan zaman da aka yi a kanta kafin ta hau jirgin ruwa, ba a kuma buɗe ta a duba. Shi ma yana da gaskiya cewa sabuwar araha tana iya mutuwa kafin tsohuwa mai kyau. Abin da na ƙi shi ne yadda yake fara miƙo tokumbo ba tare da ya ce akwai sabuwa ba, sai mutum ya tambaya. Ina zaton ribarsa ta fi yawa a can, tunda kujerun da suka mutu yake saye ya farke. A ƙarshe na sa ya samo sababbi aji na 4 daga maƙwabcinsa ya sa wa kujerata da ta babbar yarinyata, na bar shi ya sa tokumbo a guda.

Doguwar kujerar teburin yanka ita ta nuna mini sakacinsa. Tokumbo ya sa mata ita ma, don ba a sami sabuwa mai wannan tsawon ba a ranar. A rumfarsa ta hau ta sauka lafiya. Da aka kawo ta shago sai muka ji tana kartar tayil in an ja ta. Ashe ramin ƙafafunta ya buɗe da tsufa, gindin silindar ya zarce ƙasa har yana taɓa daɓe. Shi ƙasan rumfarsa turɓaya ce, bai ji ba, kuma bai sunkuya ya duba ba. Mai shekaru irin nasa a wannan aiki bai kamata wannan ya wuce shi ba. Da na kira shi bai yi musu ba, ya ce a mayar. Ya canza mata ƙafafu da wasu na ƙarfe daga cikin tarinsa, kuɗin ƙafafun kawai ya karɓa. Ya kuma gyara zoben ɗora ƙafa da ke zamewa ƙasa: ya yanko tsohon tif na babur ya naɗa a ƙarƙashinsa kafin ya ɗaure. Wannan zobe ba ado ba ne. A doguwar kujera in ba wurin ɗora ƙafa, bakin mazauni yana danne cinya, ƙafa ta yi sanyi ta mutu. Sai dai kujerar ta daɗe a wurinsa. "Gobe insha Allahu" ɗinsa ba ta da rana. Wayarsa kuma rabin lokaci a kashe, ko yaron ya ɗauka ya ce Baba ya tafi kasuwar Ladipo. Na yi yanka a tsaye har na gaji, a daidai lokacin da ɗinkin biki ya taru.

Wata shawara da ya ba ni ba tare da na tambaya ba ta biya ni wannan ɓacin rai. Ya ce kujera mai taya ba ta dace da keken ɗinki ba, don duk taka feda tana tura mutum baya, yana ta jawo kansa da ƙugu bai sani ba. Haka ne kuwa, mun saba ne har mun daina lura. Ya zare tayoyin, ya sa wasu takalman roba marasa juyawa a gurbinsu. Ramin ɗaya ne, milimita 11 a yawancin kujeru, turawa kawai ake yi. Takalman sun fi taya gajarta kaɗan, don haka a yi wannan lissafi kafin a zaɓi tsawon silinda. Ga shi kuma mun huta da tsintar zare daga cikin taya da reza.

Na tambaye shi dabarun da ake yi a gida don kada kujera ta nutse, domin na ga ana ta yaɗa su. Biyu ne. Ko a ɗaga kujera zuwa inda ake so a ɗaure ƙarfen mai sheƙi da kilif irin na tiyon lagireto, ko a yanko bututun roba na famfo daidai tsawon da ake so, a tsaga shi a tsaye, a rungumar wa ƙarfen ya zama tokari. Ya ce na bututun ya fi, domin kilif yana zamewa a kan ƙarfe mai santsi, in an naɗa salatif a ƙarƙashinsa ya ɗan jima, amma ƙarshenta sai ya zame. Duka biyun suna kashe hawa da sauka, kujera ta zama mai tsayi ɗaya, lilon nan mai sauƙaƙa wa baya ma ya tafi. Ga mutum ɗaya mai tebur ɗaya wanda aljihunsa bai shirya ba, ba laifi, bututun zai kai shi wani lokaci. Ga shago irin nawa da doguwa da gajera ke karɓa-karɓa a keke guda, ba shi da amfani.

Abin da ya ɗaga murya a kansa shi ne masu cewa za su ƙara wa silinda iska. Ba ta da bakin da ake sa iska, a rufe aka yi ta, kuma ƙarfin iskar da ke ciki ya ninka na tayar mota sau da yawa, injin mai faci ba zai kai ko kusa ba. Wanda ya karɓi kuɗi da sunan ya cika ta, ko dai ya canza ta a ɓoye ko bai yi komai ba. Mafi muni masu kai wa mai walda ya ɗana mata wuta ta tsaya wuri ɗaya, ko masu huda ta. Ƙarfe ne da iska a matse a ciki, in ya ji wuta yana iya fashewa. Gargaɗin yana rubuce a jikin silindar da Turanci, wani lokaci har da Jamusanci: kada a buɗe, kada a kusantar da wuta. Ko matattun da ya cire, ya ce yana gaya wa 'yan gwangwan da ke zuwa saye kada su jefa su wuta ko su sara, don wadda ta daina ɗaga mutum ba lallai ne iskarta ta ƙare ba.

Kuɗi ba zan rubuta lamba ba, kayan nan dala suke bi, abin da na biya ba shi za a tarar ba. Amma sabuwar silinda da kuɗin aiki in an haɗa ba su kai rubu'in kuɗin sabuwar kujera irinta ba a lokacin, tokumbo kuma ta fi haka sauƙi. Ana ciniki, ba ya fushi. Rasit ne babu, garanti kuma na baki ne: "In ta yi wani abu kawo ta." Ni ya cika wannan magana a kan doguwar kujera, amma da na so a ce akwai takarda, ko don ranar da ba ya nan sai yaro. Yaron kuma a sa masa ido, hannunsa baƙi ƙirin da mai yake kama mazauni. Kujerata mai ruwan toka har yau da shatin yatsunsa. A rufe mazauni da leda ko tsohon zane tun daga gida.

Kai kujera Mushin daga Agege shi ma aiki ne. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ta Oshodi, amma kwandastan danfo, wato bas ɗin haya, kuɗin mutum zai caje ka a kan kowace kujera, in ma ya yarda ya ɗauka. Acaba an hana shi a Mushin tun 2022. Jirgin ƙasan da ya fara jigila a 2024 yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Mushin, ya yi wa mutum daɗi in shi kaɗai ne, ba da kujera mai ƙafa biyar ba. Mu motar wani maƙwabci muka samu. Dattijon yana zuwa gida ko ofis in an biya masa kuɗin mota, sai dai abin da jakarsa ta ɗauka kaɗai zai zo da shi, in awo bai dace ba an yi asarar rana. Wanda zai kira shi gida ya fara kifa kujerar, ya ɗora tef a jikin bututun waje, ya ɗauki hoto, ya ɗauki na ƙarƙashin mazauni, ya tura wa yaron ta WhatsApp, don shi Baba ƙaramar waya yake riƙewa. Ni dai na fi son a je rumfar, a nan ake da zaɓi.

Ba kowace kujera ce ta cancanci gyara ba, kuma ya faɗa mini haka da bakinsa a kan ta biyar. Ƙafafunta na roba sun tsage daga tsakiya, farantin ma ya fara tsagewa daidai ramin silinda. Ya ce in aka canza waɗannan biyun da silinda, an kusa sayen wata, kuma tsagaggen faranti ba abin wasa ba ne, rana ɗaya zai kayar da mutum ta baya. Ya saye ta a hannuna don ya cire abin da zai moru, aka rage daga kuɗin aiki.

Kafin a biya, a gwada a gabansa, kuma a nemi daɓe mai tauri, ko barandar maƙwabcinsa ce. A ɗaga kujera har ƙarshe, ta tashi da kanta ba tare da an ja ta da hannu ba. A zauna a sauke ta rabi, a ja layi da alli a jikin ƙarfen daidai bakin bututun waje, a ci gaba da zama ana hira, a ɗan jijjiga, sannan a duba ko layin ya shige ciki. A juya hagu da dama a saurari ƙara. A sunkuya a zura yatsu tsakanin gindin silinda da ƙasa, a tabbatar akwai tazara. Bai ji haushin wannan gwaji ba, har ya roƙi ragowar allin.

Yanzu damina ɗaya ta wuce a kansu. Sababbin biyu suna nan daram, wadda aka miƙar wa hannu ma haka. Tokumbon doguwar kujera, wadda na fi yi wa mummunan zato, ko gezau ba ta yi ba. Tokumbon ɗaya kujerar kuwa ta fara sauka kaɗan-kaɗan, in aka ɗaga ta da safe kafin azahar sai an sake ɗagawa. Na gaya masa, ya ce a kawo ya canza, in cika kuɗi a sa sabuwa. Sai bayan Sallah, in ɗinki ya lafa, don ba zan ba shi kujera a tsakiyar aiki in zauna jiran gobensa ba.